Istaj a ambasad ɗin Nijar da ke Rabat

Ƙanena ɗan Damagaram, ka ce kana karatu a Maroko, kana son yin istaj, wato koyon aiki na ɗan lokaci, a ambasad ɗinmu. Yana yiwuwa, amma fara da jami'arka: karɓi takardar yarjejeniyar istaj, wadda kai da makaranta da ambasad za ku sa wa hannu. Sannan ka rubuta wa jakada takardar roƙo da faransanci, ka kai da ƙafarka. Ni da imel na tura, wata 2 shiru, sai da na je da kaina.

Kada ka sa rai da albashi, tanadi kuɗin mota. Duba katin zamanka tun yanzu. In ya kusa ƙarewa, je ofishin ɗaliban waje na jami'arku su nuna maka yadda ake sabuntawa.