Tambayi likita: gwiwar Inna ta ƙi, ga kwalaben magani sun cika kwano

Tun da hunturu ya kankama, kusan duk saƙon da ke shigowa kan gwiwa da ƙugu da yatsu yake, kuma yawanci 'ya'ya ne ke tambaya a madadin iyayensu mata. Na zaɓi biyar, na taƙaita su.

Tambaya: Likita, mahaifiyata tana da shekara 64. Gwiwoyinta biyu na ciwo, idan ta miƙe har ƙara suke yi. Wata huɗu ke nan ina saya mata gulukosamin mai haɗe da kondiroyitin, kuma kuɗinsa ba kaɗan ba ne. In ci gaba? Daga wani ɗan kasuwa a Mabera.

Amsa: Allah ya yi maka albarka, Alhaji, ya ba Inna lafiya. Yadda ka kwatanta, ciwon nan ya fi kama da amosanin gaɓɓai na tsufa. A bakin kowane ƙashi na gwiwa akwai guringuntsi mai santsi wanda ke hana ƙashi gogar ɗan'uwansa. Da shekaru, da nauyin jiki, da tsohon targaɗe, sai ya yi ta siracewa, gefen ƙashin ya fito da 'yan tsiro, gaɓar ta riƙa sagewa. Mata sun fi maza kamuwa, musamman bayan ɗaukewar al'ada, wadda kan zo tsakanin shekara 45 da 55.

Shi gulukosamin, ana tallarsa da cewa yana sake gina guringuntsin. An gwada wannan magana a Amurka, a wani babban bincike da aka wallafa a 2006, inda aka bi mutum 1,583 masu ciwon gwiwa tsawon wata shida. Wasu aka ba su maganin, wasu aka ba su ƙwayar da ba komai a cikinta. Da aka duba jimillar, bambancin bai taka kara ya karya ba. Hukumar da ke tsara wa likitocin Ingila ƙa'idojin magani ma ta ce kada a riƙa rubuta shi don wannan ciwo.

To ka tambayi Inna tsakani da Allah, ba a gaban baƙi ba: a wata huɗun nan ta ji sauƙi? Iyayenmu kan ce "da sauƙi" don kada ɗa ya ji kuɗinsa sun tafi a banza. Ka duba da idonka, ko tana iya tashi daga tabarma ba tare da an kama ta ba, ko tana zagaya tsakar gida fiye da da. In babu canji, ka daina. Ba ya cutar da yawancin mutane, amma mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin kada ta haɗa su.

Kalsiyam da bitamin D kuwa maganarsu daban ce. Aikinsu ƙarfafa ƙashi ne don kada ya yi rauni ya karye, ba gyara guringuntsi ba. Mace da ta haura 50 tana bukatar kimanin miligiram 1,200 na kalsiyam a rana, kuma kofi ɗaya na madara ko nono yana ba da kusan 300. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne a garin rana kamar Sakkwato ana samun masu ƙarancin bitamin D. Tsohuwar da ke wuni a ɗaki, in ta fito kuma a lulluɓe, rana ba ta taɓa fatarta, alhali fata ce ke sarrafa wannan bitamin. Ƙarancinsa kan jawo tsamin ƙasusuwa da raunin cinyoyi. Ta riƙa zama a tsakar gida da hantsi, minti 20 zuwa 30, hannu da ƙwauri a buɗe. In tsamin ya game jiki, a yi mata gwajin jini kafin a sayi wata kwalba.

Tambaya: Likita, shekarata 58. Wanga ciwon gwiwa ya hana ni sakat, sai wata maƙwabciya ta nuna mini wani haɗi da ake sayarwa a kemis, ƙwaya biyar a ƙulle a leda. Idan na sha sai in ji garau. Shekara guda ke nan. Amma yanzu fuskata ta kumbura, cikina na zafi, kuma ranar da ban sha ba jiri nake ji. Daga wata Hajiya a Runjin Sambo.

Amsa: Hajiya, da a gabana kike da na ajiye biro na ce ki miƙo mini ledar. Wannan tambaya ta fi sauran gaggawa, kuma na san ba ke kaɗai ba ce.

Irin wannan haɗi, abin da muka saba tararwa a ciki shi ne magungunan kashe zafi guda biyu ko uku na dangi ɗaya, kamar diklofenak da ibufurofen da firoksikam, sai kuma ƙaramar ƙwaya ta deksametason ko firednisolon. Kashi na farko suna cin bangon ciki har su haifar da gyambo, suna tayar da hawan jini, suna gajiyar da ƙoda. Haɗa biyu a lokaci guda ba ya ninka sauƙi, illar yake ninkawa. Ki ƙara da zafin garinmu, inda a watan Afrilu ma'auni ke haura 40, mutum na zufa, bai sha ruwa sosai ba, ko yana azumi. Ƙodar da ke cikin ƙishi ita ce waɗannan magunguna suka fi yi wa ɓarna.

Ƙaramar ƙwayar ita ce ke sa ki ji kamar an sake ki, kuma ita nake zargi da kumbura miki fuska. Tana tayar da sukari, tana sa fata ta sirace, tana rage garkuwar jiki, tana kuma zaizaye ƙashin da kike neman ki ceta. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Amma ki ji da kyau: kada ki yanke shi yau da kanki. Wanda ya daɗe yana shan irin wannan ƙwaya, jikinsa kan daina samar da nasa sinadarin mai irin aikin ƙwayar, kuma yankewa farat ɗaya na iya sa jini ya faɗi har a suma. Jirin da kike ji ke nan. Ki ɗauki ledar yadda take ki je asibiti cikin makon nan, ko Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a auna jininki da sukari da aikin ƙoda, a tsara miki yadda za a rage shi sannu a hankali. In kin ga bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta, ko kin yi aman jini, to ba maganar jiran gobe.

Me zai maye gurbinsa? Man shafawa na diklofenak a kan gwiwar, domin kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini. Farasitamol mai miligiram 500, ƙwaya biyu a lokaci guda, kada ya wuce takwas a wuni da kwana, ga tsohuwa marar jiki kuma shida. Tsumma mai ɗumi da safe. Man kaɗe ma ba laifi, tausar ce ke aiki. Abin da ban yarda da shi ba shi ne tsaga ko sakiya a kan gwiwa, balle ga mai ciwon sukari, don ƙwayar cuta in ta shiga gaɓa kwanaki kaɗan take bukata ta lalata ta.

Tambaya: An ce miyar kuɓewa da farfesun ƙafar saniya suna mayar da ruwan gwiwa. Gaskiya ne? Nauyina kilo 96. Daga wata malamar makaranta a unguwar Gwiwa.

Amsa: Malama, sunan unguwarku ma ya isa a fara amsa miki. Yauƙin kuɓewa a ciki yake tsayawa, babu hanyar da zai bi ya gangara gwiwa. Ganda da ƙafar saniya kuma hanji narkar da su yake kamar kowane nama. Ki sha miyarki don daɗinta.

Lambar da kika rubuta a ƙarshe ita ce maganar. Duk kilo ɗaya da ya ragu a jiki yana sauke wa gwiwa kusan kilo huɗu a kowane taku. In kika sauke kilo 5 zuwa 10 cikin wata shida zuwa shekara, za ki ji bambancin da babu kwalbar da za ta ba ki. Ba sai kin sayi abincin Turawa ba. Malmalar tuwo biyu ta koma ɗaya, miya ta fi tuwon yawa. Fura da nono a sha, amma a janye hannu daga sukari, lemon kwalba kuma a bar wa ranar biki. Manja da man gyaɗa a auna da cokali, a daina tuttulawa. Kuka da zogale da riɗi da kindirmo duk suna da kalsiyam, haka ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsa. Wake da ƙwai da kifi su ne abincin tsoka, kuma tsofaffin mata sun fi kowa barin su ga jikoki. Citta da kurkum a shayi ko miya suna iya ɗan rage raɗaɗi ga wasu, amma ɗan kaɗan ne.

Tambaya: Kakarmu shekararta ta kai 72. Mun hana ta kowane aiki, wuni take a kan katifa don gwiwar ta huta, amma kullum ƙara sagewa take. Sannan tana kuka don ba ta iya sujada. Daga wata jika a Bodinga.

Amsa: 'Yata, niyyarku mai kyau ce, amma hutun nan shi ke ƙara kwantar da ita. Guringuntsi ba shi da jijiyar jini, daga ruwan gaɓa yake samun abincinsa, kuma motsi ne ke zagaya da ruwan. Tsokar gaban cinya ita ce ke tallafe gwiwa, in aka bar ta ba aiki makonni kaɗan take yi ta saki. Daga nan duk nauyi sai ya koma kan ƙashi.

Ga abin da za ku fara da shi, ke ki zauna kusa da ita kina ƙirgawa. Tana zaune a kujera mai tsayi, ta miƙe ƙafa ɗaya sambal, ta riƙe ta ƙirga biyar, ta sauke a hankali, sau goma kowace ƙafa. Sai ta tashi tsaye daga kujerar ta koma ta zauna, da farko tana dafa hannu, sau biyar, a riƙa ƙarawa har goma. In tana kwance, ta lanƙwasa ƙafa ɗaya, ta ɗaga ɗayar a miƙe kamar taƙi guda daga katifa. A yi haka safe da yamma, bayan Asuba da bayan La'asar ya fi sauƙin tunawa. Tafiya kuma ta fara da minti biyar a tsakar gida ko zuwa gidan maƙwabta. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son manya su samu minti 150 na motsa jiki a mako, amma wannan wurin da za a nufa ne, ba wurin farawa ba. Ɗan ciwo lokacin motsi ba ɓarna ba ne. In ya kwana ya wuni, ko gwiwar ta kumbura, a rage yawan, kada a daina. Sai an yi mako shida zuwa takwas kafin a ga amfanin, don haka kada ku karaya a na biyu.

Ku duba gidan ma. Kujerar tsugunno da tabarma da masai na tsugunno su ne manyan abokan gabar irin wannan gwiwa. Kafinta zai iya yin kujera mai rami a ɗora a kan masai, a kafa mariƙi a bango. Ta yi alwala a zaune a kan abu mai tsayi. Sanda kuma a hannun da ke ɗaya ɓangaren ake riƙe ta: in gwiwar dama ce ke ciwo, sanda a hagu. Mutane da yawa suna yin akasin haka.

Maganar sujada, ni ba malami ba ne, amma sananne ne cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci Imrana ɗan Husaini, da rashin lafiya ta same shi, ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Ku nemi malamin da take jin maganarsa ya faɗa mata da bakinsa, zai fi shiga fiye da nawa. In an yi wata uku ana wannan ƙoƙari ba sauƙi, ko ciwon na hana ta barci, ku kai ta Asibitin Ƙashi na Wamakko a ɗauki hoto, masu gashin ƙashi su tsara mata nata atisayen.

Tambaya: Ni shekarata 47. Yatsuna da wuyan hannuna biyu ke kumbura, da safe sai in yi fiye da awa ɗaya ban iya riƙe ludayi ba. Shi ma sanyin tsufa ne? Daga Wurno.

Amsa: A'a, 'yar'uwa, ban ɗauka shi ba ne. Sagewar amosanin tsufa ba ta cika wuce rabin awa ba. Kumburin ƙananan gaɓɓai dama da hagu tare, da sagewar da ke kai hantsi, ya fi kama da nau'in da garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa gaɓɓai. Wannan yana da magungunansa na musamman, irin su metotireset da ake sha sau ɗaya a mako ana bin sa da gwajin jini, kuma da wuri ake son farawa kafin yatsu su karkace, domin in sun karkace ba sa komawa. Kada ki tsaya kan zogale da atisaye. Ki shigo Sakkwato ki nemi ganin likitan gaɓɓai a asibitin koyarwa, ki zo da duk maganin da kika taɓa sha, har na gargajiya.