Tambaya da Amsa: Jigo Daban, Zubi Daban

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare a Zariya, muna karanta wasan Othello na Shakespeare. Duk sanda aka ce mu kawo jigo sai in zayyano labarin daga farko har ƙarshe, malamarmu kuwa ta sa jan biro ta rubuta "wannan zubi ne". Ina bambancin yake? Kuma me ya sa Iago ke yawan magana shi kaɗai?

AMSA: 'Yata, malamarki ba ta zalunce ki ba. Zubi shi ne yadda aka jera abubuwan da suka faru, wannan ya haifi wancan. Othello, kwamandan sojan birnin Benis, ya auri Desdemona a ɓoye. Ya ba Cassio muƙamin da Iago, wani sojansa, ke kwaɗayi. Aka tura su tsibirin Kubrus, hankicin Desdemona ya faɗi, Emilia ta tsinta ta miƙa wa mijinta Iago, shi kuma ya jefa shi a ɗakin Cassio. Daga ƙarshe Othello, da ya yarda cewa matarsa na cin amanarsa da Cassio, ya kashe ta, ya kashe kansa. Duk wannan zubi ne, kuma wanda ya kalli wasan sau ɗaya ma zai iya faɗa.

Jigo kuwa shi ne abin da labarin ke magana a kai: kishi, da makircin na kusa. Amma rubuta "kishi" kaɗai ba zai kawo miki maki ba. Maki yana wurin warwarar jigo, wato ki nuna wa mai duba takarda inda kishin ya tsiro. Je ki kashi na 3, fitowa ta 3. Othello ya shigo yana ji da matarsa, kafin a tashi daga wannan fitowar ya yi rantsuwar ɗaukar fansa. Ba wani abu ya gani da idonsa ba, 'yan tambayoyi ne da rabin zance Iago ya yi ta sakar masa. A ganina babu fitowar da ta kai wannan a wasan duka, ki karanta ta har ki kusa haddacewa.

Maganar Iago shi kaɗai ita ce zancen zuci. Mai rubuta ƙagaggen labari yana iya shiga zuciyar mutum ya ba mu labari, amma a kan dandamali babu mai ba da labari, dole ɗan wasa ya furta da bakinsa. Dubi ƙarshen kashi na 1, inda kowa ya watse, Iago ya tsaya ya bayyana ƙiyayyarsa da yadda zai yi amfani da Cassio. Kada ki haɗa wannan da maganar gefe, wadda ake yi alhali sauran 'yan wasa na nan, a ɗauka ba su ji ba.

Ga amfaninsa: tun daga nan mai kallo ya san abin da tauraro bai sani ba. Shi ya sa duk sanda Othello ya kira Iago mai gaskiya, sai gaban mutum ya faɗi. Haka masu kallo suka gani tun da aka nuna wasan a fadar Sarkin Ingila a 1604. Idan tambaya ta zo kan zancen zuci, ki faɗi wa ke magana, a wane kashi, da abin da ya sanar da mu wanda aka ɓoye wa Othello.