Likita, Lafiyata Za Ta Ɗauki Hawan Dutse?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni matashi ne mai motsa jiki kullum. Muna shirin hawa wani dogon dutse, sai an ratsa kurmi kafin a kai ƙololuwa. An ce wasu kan yi ciwon kai da amai a can sama. Har da masu ƙarfi irina?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Har da ku, ɗan'uwa, wannan ciwo ba ruwansa da ƙarfi. Yakan fara ne daga tsayin mita 2,500, domin duk sanda aka ƙara sama, iskar oksijin da numfashi ke kai wa jini raguwa take yi. A ƙololuwar Kilimanjaro ta Tanzaniya, mai mita 5,895, huhu na samun kusan rabin abin da yake samu a bakin teku. Alamun farko su ne ciwon kai, tashin zuciya, jiri, kasala da rashin barci, galibi awa 6 zuwa 12 bayan an isa.

Ni masu ƙarfin ma sun fi tayar mini da hankali. Inuwar kurmi na ruɗarsu, su yi ta sauri, jiki bai samu damar sabawa ba. Da zarar ka haura mita 3,000, kada wurin kwananka ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma ka huta yini guda bayan kowane kwana 3 ko 4. In alamun suka zo, ka tsaya a inda kake. In kuwa ka ga wani yana tangaɗi, ko maganarsa ta rikice, ko yana haki alhali a zaune yake, ko tari da kumfa, to ƙwaƙwalwa ce ta kumbura ko ruwa ya shiga huhu. A sauko da shi nan take, ko da tsakar dare ne. Akwai maganin riga-kafi, acetazolamide, amma likitanka ne zai rubuta maka.

Tambaya: Likita, ɗiyata mai sikila ce, ta nace sai ta bi ƙawayenta har ƙololuwar wani dogon dutse.

Amsa: Hajiya, don Allah kada ta je. Ƙarancin oksijin, sanyi da bushewar jiki, ukun nan su ke tayar da ciwon sikila, kuma duk suna can sama. Kowace mita 1,000 zafi na raguwa da kusan digiri 6, ga asibiti ya yi nisa. Ko masu AS, wato waɗanda suka gaji sikila daga ɓangare guda na iyaye kawai, an sha ganin jini ya toshe musu a saifa a irin wannan tsayi, da ciwo mai tsanani ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. Ta zauna da likitanta su tsara yawo a gindin dutsen, ba sai an hana ta komai ba.

Tambaya: Gwiwoyina ba sa ciwo wajen hawa, sai wajen saukowa. Me ke jawo haka?

Amsa: A gangara gwiwa ke tare nauyin jiki da na jaka a kowane taku. Ka gajarta taku, ka riƙe sanda, ka rage kaya. In ta kumbura ko tana sagewa, a duba ta.

Tambaya: Ruwan ƙoramar dutse garau yake. Ana sha?

Amsa: Ido ba ya ganin ƙwayoyin cutar gudawa. A tafasa shi minti 1, in an haura mita 2,000 kuwa minti 3, saboda a can ruwa kan tafasa tun bai yi zafin da ya saba ba.