Tambaya da Amsa: Wane Babur Ya Dace da Mai Koyo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a shekarar 2023 kuɗin mota ke cinye mini albashi, domin makarantarmu tana wani ƙauye ne, hanyar kuma rabi kwalta rabi burji. Na tara abin da zan sayi babur, amma ban taɓa tuƙa komai ba sai keke. Wasu abokaina sun ce in sayi Boxer, wasu kuma sun ce roba-roba ya fi sauƙi. Wanne zan ɗauka, kuma ta ina zan fara koyo?
Malamin makaranta, daga Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a abin da ka tara. Iya keken nan da kake rainawa ya riga ya rage maka rabin aiki, domin ka saba da daidaita jiki a kan taya biyu, abin da ya rage maka shi ne sanin inji da birki.

Abokanka duka suna da hujja. Roba-roba ba shi da nauyi, kujerarsa a ƙasa take, kuma yawancinsu ba su da kulochin hannu, giya kawai ake takawa, shi ya sa mutum kan iya shi cikin ɗan lokaci. Amma na cikin gari ne, kuma burji da ramuka kan sassauta robobinsa su yi ta ƙara. Boxer, wanda kamfanin Bajaj na Indiya ke ƙerawa, ya fi jure wahala, ba ya shan mai sosai, kuma da wuya ka shiga garin da babu bakaniken da ya san cikinsa ko shagon da ke sayar da kayan gyaransa. Tunda hanyarka ta ƙauye ce, ni Boxer ko makamancinsa mai girman inji cc 100 zuwa 125 zan zaɓa maka, da sharaɗin ka hau shi a wurin mai sayarwa ka ga tafin ƙafafunka biyu sun taka ƙasa sosai. Babban babur mai gudu kuwa, ko an yi maka araha, ba na mai koyo ba ne.

Idan na hannu za ka saya, tafi da bakaniken da ka amince da shi, a tayar da injin da safe kafin ya ɗauki zafi, a duba ko salansa na fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, wanda alama ce ta injin yana ƙona baƙin mai. Ka kuma tabbatar lambar inji da ta jikin babur sun yi daidai da abin da ke rubuce a rasit, saboda baburan sata suna yawo a kasuwa.

Wajen koyo, nemi fili mai faɗi wanda ƙasarsa ke da tauri, tare da mutum mai haƙuri da ya daɗe yana hawa. Kulochi yana hannun hagu, giya a ƙafar hagu, birkin gaba da totur a hannun dama, birkin baya a ƙafar dama. Ranar farko kada ka wuce giya ta ɗaya: matse kulochi, sa giya, sannan ka riƙa sakinsa a hankali har ka ji babur ya fara ja da kansa, ka sake matsewa ka tsaya. Maimaita wannan har hannunka ya san wurin ba tare da ka duba ba.

Abin da na fi so ka ba lokaci shi ne birki. Mutane da yawa suna tsoron na gaba, har ba sa taɓa shi, alhali idan aka rage gudu nauyi gaba yake komawa, kuma tayar gaba ce ke ɗauke da mafi yawan ƙarfin tsayawa. Wanda ya dogara da na baya kaɗai, ranar da akuya ko yaro ya faɗo titi tayarsa za ta zame, babur ya ci gaba da tafiya. Koyi haɗa su biyun, kana matse na gaba sannu a hankali maimakon ka damƙe shi gaba ɗaya. A cikin rairayi ko kwana kuwa sai ka sassauta masa, ka rage gudu tun kafin ka isa wurin, idonka kuma ya kasance a inda kake son zuwa, domin babur yana bin kallon mai shi.

Sayi hular kwano mai kyau rana ɗaya da babur, ka riƙa ɗaure igiyarta a ƙarƙashin haɓa, ka kuma bar silifa a gida. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanya hular tun farkon 2009, kuma lasisin babur shi ne aji na A. Yi rajista ka karɓi lamba kafin ka hau babban titi, kuma kada ka goya kowa, ko da ɗanka ne, sai ka shafe makonni kana zuwa makaranta kai kaɗai, domin nauyin mutum na biyu yana ƙara tsawon tazarar da babur ke buƙata kafin ya tsaya.