Amsar Anti ga Maman 'Yan Biyu kan aikin da aka kira auta

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma. Maman 'Yan Biyu, na ji saƙonki tun da safe, ina makaranta ne shi ya sa kika ji ni shiru. Kin ce auta ta gama bautar ƙasa, wata ƙungiya ta kira ta aikin kula da yara masu damuwa, kina tambaya ko aikin yana da gaba, kuma nawa ake biya. To ni dai ba yau na san ki ba. Ba albashi ne ya hana ki barci ba. Tsoronki kar a ce 'yarki tana aiki da mahaukata, ga shi ana maganar aurenta, dangin miji su ji. Wannan zan amsa miki, kuɗin kuma sai in na tuna.

Yaran da za ta gani ba wasu ba ne daga wata duniya. Namu ne, na Unguwar Rogo da Gangare da Rikkos da Dilimi, waɗanda muke aika su sayen kalanzir. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin yara bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata matsala ta ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan matsaloli tun kafin shekara 14 suke somawa. Wannan lissafin duniya ne gaba ɗaya fa, har da garuruwan da ba a taɓa sa musu dokar hana fita ba. To ina ga Jos? Ki ƙirga rikice-rikicen da kanki. Satumbar 2001. Nuwambar 2008 bayan zaɓen ƙananan hukumomi. Janairun 2010. Bom ɗin Taminus a watan Mayun 2014, mutum sama da ɗari. Yaron da aka goya aka gudu da shi a 2001 yau magidanci ne, yana da nasa 'ya'yan, kuma har yau ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce masa me ka gani. Mu dai mun yi ta'aziyya, mun yi sadakar uku da ta bakwai, mun ce a yi haƙuri, shi ke nan. Manya muka yi wa ta'aziyyar ma. Wa yake yi wa yaro ta'aziyya?

Bari in ba ki labarin wani yaro, waɗanda muka yi koyarwa tare sun gaji da jin sa, amma sai na faɗa. Bayan rikicin 2008, a'a, na 2010 ne, don daga wajen Bukuru suka taso, aka kawo shi aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Yana hannun kakarsa. Yaro shiru-shiru, rubutunsa tsaf. Amma da an buga ƙofar aji da ƙarfi, ko wata babbar mota ta yi tusa a titi, sai ka neme shi ka rasa, yana ƙarƙashin benci ya toshe kunne. Malamai suka ce iskanci ne, aka yi ta zane shi. A gida kuma fitsarin kwance, yaro ɗan shekara goma sha biyu. Kakar, baiwar Allah, abin da ta sani ta yi. Ta shanya tabarmar a ƙofar gida kowa ya gani, yaran layi su bi shi suna masa amalala, wai don ya ji kunya ya daina.

Da aka turo min shi, don ni ce mai ba ɗalibai shawara a makarantar, ban tambaye shi komai ba. Takarda na ba shi da fensir mai kala, na ci gaba da makin ɗina. Ya zana gida. Washegari gida. Kullum gida ɗaya, ga taga, ga bishiyar mangwaro a gefe, amma ba rufi. Ni kuma ban ce ina rufin ba. Na ba shi ajiyar mabuɗin kabad ɗin alli, don ya samu dalilin zuwa wajena ba tare da yara sun ce an kai shi ofis ba. Sai da zango ya kusa ƙarewa, rannan yana fiƙe fensir, bai ko ɗago kai ba ya ce, Malama, kwano in ya ji wuta ƙara yake yi kamar bindiga. Iyakar abin da ya faɗa ke nan ranar. Na ce haka ne, ka ji shi da kunnenka ko? Ya ɗaga kai.

To kin ga aikin. Da na yi masa wa'azin haƙuri a ranar farko, da ya ce to Malama, ya fita, bai ƙara dawowa ba. Kuma rabin aikin ma ba a kansa na yi ba, a kan kakar na yi. Na je har gida, na durƙusa na gaishe ta, na ce Inna a daina shanya tabarmar a waje, a daina duka, a rage masa ruwa da dare, a tashe shi ya zaga kafin ki kwanta, kuma a kai shi asibiti a duba fitsarin don kar wata cuta ce daban. Ta ce min ke 'yar boko, mu haka aka yi mana. Na ce Inna, ku an ƙona gida kuna ciki? Sai ta yi shiru, sai ga hawaye. Ashe ita ma ba ta barci. Bai warke tas ba, ba zan yi miki ƙarya ba, har ya bar makarantar in an yi tsawa sai ya zabura. Amma fitsarin ya tsaya, kuma ya rubuta jarrabawarsa.

Yanzu abin da zai ba auta wahala ba yaran ba ne, manya ne. Ni an taɓa haɗa ni da wani shugaban makaranta, ba zan kama suna ba, wasu a nan sun san shi. Tun 1977 tsarin ilimi na ƙasa ya ce a samar da masu ba ɗalibai shawara a makarantu, a rubuce yake. Shi kuwa a wajensa ni malama ce da ba ta da aikin yi. Ɗakin da ya ba ni sito ne, karyayyun kujeru a tsibe har silin, ga buhunan siminti da suka daskare. Tagar tana kallon filin taro, duk wanda ya shigo wajena makaranta gaba ɗaya ta gan shi. Na rubuta takarda ina neman labule. Labule fa, yadi huɗu! Har ya yi ritaya takardar tana kan teburinsa, ya ɗora kofin shayi a kai. Sannan ya ɗora min darussa a aji biyar, wai kar in zauna haka. Sannan 'yan makara, ni yake turo wa in hukunta su. Don Allah yaron da na sa ya yi tsallen kwaɗo da safe, shi ne zai zo da rana ya faɗa min abin da mijin uwarsa yake masa?

Duk wannan na haɗiye. Abin da ban haɗiye ba, wata yarinya 'yar aji biyar ta zo tana kuka, maganar gida ce, iyayenta sun rabu, ana ta jan ta tsakanin gida biyu. Ya gan ta ta tagar nan da ba labule. Ya kira ni wai in gaya masa me ta ce. Na ce ranka ya daɗe, ba abin da ya shafi makaranta, kuma ba ta cikin haɗari. Ya ce shi ne shugaba. Na ce na sani, amma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ranar Litinin a wajen taro ya tsaya yana habaici, wai akwai 'yan matan da suke zuwa wani ofis suna kuka, ya san abin da suke aikatawa a gari. Yarinyar ba ta ƙara sallama a ƙofata ba, ƙawayenta ma haka. Zango guda cur ina zaune da siminti. Kuma kun san har yau in mun haɗu a wajen ɗaurin aure sai ya ce min a'a, Malama mai sirri! Yana dariya. Fankar da na kawo daga gidana ma a ofishinsa ta ƙare. To, bar wannan, Allah ya sa mu gama lafiya, ina nake ma?

Yauwa, sirri. Kar auta ta ji ni ta ɗauka komai ake rufewa. Tun a zaman farko za ta gaya wa yaro, abin da ka faɗa min yana nan tsakaninmu, sai fa in wani yana cutar da kai, ko kana shirin cutar da kanka ko wani, nan dole in nemi taimako, kuma kai zan fara gaya wa kafin kowa. Akwai dokar kare haƙƙin yara ta 2003, Filato ta amince da ita tun 2005, ba ra'ayin mutum ba ne. Kuma ta san iyakarta, ita ba likita ba ce. Yaron da ya ce ya gaji da duniya, gara ya mutu, ba a cewa yi istigfari ka tafi aji. A zauna da shi, a tambaye shi kai tsaye, a kira na gida, kar a bar shi shi kaɗai. Wanda yake jin muryoyi, ko ya kwana nawa ba barci yana surutai, ko yake faɗuwa yana kumfa, asibiti ne, akwai sashen likitocin ƙwaƙwalwa a JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, can Lamingo. Likitocin nan a duk Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200, shi ya sa irin su auta suke da amfani, su suke tace wanda zai je da wanda zama da sauraro ya ishe shi.

Na san wata za ta ce ina ruƙiyya. Ni ban taɓa faɗa da malamai ba, nima ina tofa wa jikokina. A yi addu'a, a sha magani, ba wanda ya kori wani. Abin da ban yarda da shi ba mari da sarƙa. Kun manta Rigasa ta Kaduna a 2019, da 'yan sanda suka fito da mutum sama da ɗari uku daga wani gida, har da ƙananan yara, wasu da mari a ƙafa? Iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biya, saboda ba su san wani wurin ba. Dokar masu taɓin hankali da muke da ita a lokacin ta 1958 ce, tun ta Turawa, sai a Janairun 2023 Buhari ya sa hannu a sabuwa.

Ga kuma shaye-shaye, wannan ma za ta sha shi. An hana kodin a 2018 kowa ya yi murna, yara suka koma wani abin. Rahoton bincike na shekarar ya ce mutum miliyan 14.3 ne suke shan ƙwaya a ƙasar nan. Yaran sara-suka da muke rufe ƙofa saboda su, ki zauna da ɗaya in ya sauko ki ji, sau da yawa akwai abin da yake gudu a cikin kansa. Ban ce a ƙyale su ba fa, kar a juya min magana. Kai, wannan sai wata rana, in na shiga ba zan fito ba.

Kuɗi. Aikin ƙungiya kwantiragi ne, wata shida, shekara ɗaya, in masu ba da tallafi sun rufe aljihu ya ƙare. Yawanci ya fi albashin koyarwa, amma ba fansho irin na gwamnati, don haka ta yi adashi, kuma ta ci gaba da karatu ko babbar difiloma ce a Jami'ar Jos. Kafin ta sa hannu ta tambaye su, wa zai riƙa duba aikinta? Dole a samu babba da za ta zauna da shi ta sauke abin da ta kwaso, in ba haka ba wata uku za ki ga ta daina cin abinci, tana yi wa ƙannenta tsawa ba dalili. In sun ce babu, to su ma ba su san aikin ba. Ta kuma tambaya ko za a tura ta wajen 'yan gudun hijira irin na Mangu da Bokkos, da wace mota, a ina za ta kwana. Kuma ta shirya, yaran da za ta samu ba duka namu ba ne, akwai Birom, akwai Mwaghavul, akwai Fulani, kowa da wanda aka kashe masa. In ta san zuciyarta ba za ta iya riƙe hannun kowane ba, ta faɗa tun yanzu.

Dangin miji kuwa, in sun tambaya ki ce tana aiki da yara da iyayensu, gaskiya kika faɗa. In uwar mijin ta matsa, ki ba ta lambata. Ita kuma auta ta zo ta same ni ranar Asabar bayan la'asar, ta taho da takardar kwantiragin gaba ɗaya, ba shafin farko kaɗai ba, don can baya suke ɓoye maganar kuɗin mota.