Ƙaramin albashi zai hana ni zama 'yar ƙasar Amurka?

Tambaya: Barista, shekarata shida da girin kad (katin izinin zaman dindindin) a Amurka. Aikin kula da tsofaffi nake yi, albashin bai taka kara ya karya ba, ina kuma karɓar Medicaid (tallafin kula da lafiya na gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi) da tallafin abinci na SNAP. An ce in na nemi zama 'yar ƙasa za a ƙi ni. Gaskiya ne?

Amsa: Malama, kwantar da hankalinki. Dokar zama ɗan ƙasa ba ta gindaya wani adadin albashi ba. Sharuɗɗan su ne shekara 5 da kati (3 ga mai auren ɗan ƙasa), aƙalla rabin wannan lokacin a cikin Amurka (wata 30 a naki), kyakkyawan hali, da jarrabawar Turanci da tarihin ƙasa. Masu tsorata ki sun haɗa wannan da dokar hana wanda zai zama nauyi a kan gwamnati, ita kuwa lokacin neman biza ko katin take aiki. Kin wuce nan.

Kuɗin fom N-400, wato fom ɗin neman zama ɗan ƙasa, dala 760 ne a takarda, 710 ta intanet. Tunda kina kan Medicaid, cike fom I-912 na neman yafe kuɗin, ki haɗa da takardar shaidar tallafin, a yafe miki gaba ɗaya. Wanda kuɗin shigar gidansa bai wuce kashi 400 cikin ɗari na ma'aunin talauci na gwamnatin Amurka ba, dala 380 zai biya. Duka biyun sai a takarda ake turawa.

Inda kuɗi ke kada mutum shi ne haraji. Jami'in USCIS, hukumar da ke ba da izinin zama ɗan ƙasa, zai tambaya ko kin taɓa tsallake cike takardun haraji, ko ana bin ki bashinsa. Bashin kaɗai ba ya rushe nema. Ɓoye shi ne matsala. Ki karɓo bayanan harajinki na shekara 5 daga IRS, hukumar haraji ta Amurka, in akwai bashi ki ƙulla yarjejeniyar biya kaɗan-kaɗan, ki tafi ganawa da jami'in da rasitai. Tun Agusta 2025 USCIS ta umarci jami'anta su duba halin mutum gaba ɗaya, har da tsayawa kan aikin halal, don haka takardun albashinki, komai ƙanƙantarsa, shaida ce a gare ki.

Sai tallafin kansa. In kin taɓa rage albashi a fom don ki samu, ko kika ci gaba da karɓa kina ƙasar waje, kada ki tura komai sai lauya ya duba fayil ɗinki, domin wannan zamba ce a idon doka. Ga iyaye kuma, ƙin biyan kuɗin ciyar da 'ya'ya da gangan yana ɓata shaidar hali.

Wasu in rayuwa ta yi tsada sai su koma gida Kano ko Zinder su daɗe. Tafiyar da ta wuce wata 6 tana sa a ɗauka kin katse zama sai kin kawo hujja, ta shekara guda kuwa tana katse shi kai tsaye. Ki lissafa ranakun fita da dawowa daga fasfonki kafin ki cike fom, za ki rubuta su a ciki.