Ba ka ruɗe ba, fim ɗin Salahuddin iri biyu ne

Ɗan'uwa, wallahi da na karanta tambayarka sai da na ajiye waya na yi shiru. Ka ce ka kalli Kingdom of Heaven, wanda mu nan muke ce wa fim ɗin Salahuddin, ka ga inda Sibila, sarauniyar Ƙudus, ta kashe ɗanta da hannunta, abokanka kuma sun rantse babu wannan wuri a ciki, har ka fara zargin ko da wani fim ka haɗa shi. Kuma kana tambaya in iri biyu ne, wanne ya fi. Kwantar da hankalinka. Iri biyu ne, kuma abin da ya same ka ni ya fara samu.

Wanda aka nuna a silima a 2005 minti 144 ne. Dogon, wato yadda darakta Ridley Scott ya so fim ɗinsa kafin a sa shi ya rage, ya kai minti 190, wani kwafin ma 194 saboda kiɗan buɗewa da na hutun tsakiya. Ka ga kusan minti 50 aka yanke, kuma a cikinsu yaron nan yake gaba ɗaya.

Ni a Yamai na fara ganin dogon, a ɗakin wani ɗan baffana da ke karatu a jami'ar Abdou Moumouni. Lokacin ina da ɗan gidan kallo a unguwar Zariya, rumfar kwano da benci takwas da janareta. Da na dawo Maraɗi, da dare a fada ana shayi, na ba su labarin yadda narkakken dankon hatimi ya ɗiga a hannun yaron bai ko motsa ba, uwar ta gane kuturtar da ta cinye yayanta sarki ta kama ɗanta, daga baya ta zuba masa guba a kunne. Kowa a wurin ya taɓa kallon fim ɗin, wasu a rumfata ma suka kalla. Aka fashe da dariya. Wani ya ce Yamai ta koya min shara ƙarya. Na ce to zan kawo, ku gani da idonku.

Akwai wani mai sayar da faifai da ke zuwa Kano sari duk bayan mako biyu. Mutumin da muka yi shekaru muna ciniki, mutumin da in ya shigo gidanmu mahaifiyata ke zuba masa fura. Na rubuta masa a takarda, na ce dogon nake so, mai sa'a uku da wani abu. Ya karɓi jikka biyar a hannuna, ya ce in sha kurumina. Ya dawo ya miƙo min faifai a leda, a jikin kwalin an rubuta Director's Cut, wato na darakta, dogon ke nan, da manyan baƙaƙe. Na tambaye shi sau biyu, ya ce shi da kansa ya gwada a kasuwa. Saboda yarda ban sa shi a inji ba kafin dare. Na ɗauki alli na rubuta a allon ƙofa cewa yau za a ga abin da ba a taɓa gani ba, na ƙara kuɗin shiga daga dala goma zuwa dala ashirin, na sayi man da zai kai sa'a huɗu.

Rumfa ta cika har da na tsaye. Ƴan fadarmu suka zauna a bencin gaba. Ina tsaye jikin ginshiƙi ina jiran yaron ya bayyana. Sarki mai rufin fuska ya rasu, na ce a raina yanzu ne. Sai kawai na ga an naɗa Guy, mijin Sibila, an wuce. Gumi ya jiƙe min riga. Na ci gaba da jira ko an juya tsarin ne, har aka ci Ƙudus, har sunaye suka fara hawa. Babu yaro. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Ina ɗan naka?" Na tsaya bakin ƙofa ina mayar wa kowa dala gomansa, hannuna na rawa, kuma babu wanda ya ce min sannu. Fiye da shekara yara na kirana Mai Ɗan Sarauniya in na wuce.

Abin da ya fi ƙona min rai, da safe na je shagonsa, ya ce ai fim fim ne, Salahuddin na ce kuma ga Salahuddin. Ko haƙuri bai ba ni ba. A gaban yaransa ya ce ƙila a mafarki na ga nawa. Kuɗin ban damu da su ba, Allah ya sani. Amma ya san mutuncina na ɗora a kan maganarsa. Har yau muna haɗuwa a jana'iza da ɗaurin aure, mu gaisa, amma zuciyata ba ta koma daidai ba.

Don haka kada ka yarda da kwali, kada ka yarda da sunan da aka sa wa fim a memori. Kafin ka biya mai turawa, ka sa ya buɗe ka ga tsawon minti da idonka. In sa'a biyu da minti ashirin da wani abu ka gani, na silima ne, ko me aka rubuta.

Wanne ya fi? Dogon, nesa ba kusa ba. A gajeren, Sibila kamar mai taɓin hankali take, ka ga ta yanke gashinta ta shiga wani hali ba ka san dalili ba. A dogon ka san abin da ta aikata, sai tausayinta ya kama ka. Limamin cocin da Baliyan, maƙerin da shi ne jarumin fim ɗin, ya kashe a farko, a dogon ne za ka san ɗan'uwansa ne. Kuma tambayar da kowa ke yi, yaya maƙeri ya iya tsare birni, dogon ya amsa: ya taɓa zuwa yaƙi, ya san aikin injinan rushe ganuwa. Har karon takobi tsakaninsa da Guy akwai a ƙarshe. Ghassan Massoud kuwa, ɗan Siriya da ya fito a Salahuddin, a duka biyun kwarjininsa na nan.

Sai dai kada haushin abokanka ya sa ka ce duk dogo ya fi. Na yi wannan kuskure shekaru. Troy na 2004 minti 163 ne, na darakta da ya fito a 2007 minti 196, an ƙara jini da ɓarnar cin birni, amma an sauya kiɗa a wurare, har faɗan Akilis da Hekta ya rage min armashi. Gladiator akwai mai ƙarin kusan minti 16, amma Scott da kansa na silimar ya ɗauka a matsayin nasa. Alexander na Oliver Stone ya fi duka rikici: na silima minti 175, wanda aka kira na darakta a 2005 ya ma fi shi gajarta, sannan a 2007 aka fitar da mai minti 214. Ka ga kalmar darakta ba ita ce tsawo ba.

Wani abu kuma, tunda gardama za ku koma yi. Kada ka ce musu dogon shi ne tarihi. Yaƙin Hattin da miƙa Ƙudus a 1187 gaskiya ne, sarki kuturu Baldwin na huɗu ma gaskiya ne, ya rasu a 1185. Yaron ya yi sarauta ya rasu a 1186, amma gubar uwa ƙirƙirar masu fim ce. Baliyan na gaskiya ɗan sarauta ne, ba maƙeri daga Faransa ba, kuma Sibila ba ta bi shi ba, tana tare da mijinta Guy har ta rasu a 1190. Na ga matasa a nan suna kafa hujja da fim kamar littafi, abin yana damuna ƙwarai.

Masu fassara da Hausa ma su ji tsoron Allah. Fim an riga an rage shi, su kuma su ƙara datsewa don ya shiga waya, yaro ya kalla ya ɗauka ya ga Salahuddin. Dubi Ar-Risala na Mustafa Akkad na 1976, sau biyu ya ɗauke shi, na Turanci da Anthony Quinn a Hamza, na Larabci da Abdullahi Gais, don kowa ya samu cikakke a harshen da yake ji. Haka ake girmama mai kallo.

Ni sai bayan shekara biyu ɗan baffan nawa ya aiko min da dogon ta hannun wani direban mota. Lokacin na riga na rufe rumfa, ƴan fadar sun watse, wasu Agadas, wasu Libiya. Mutum uku kawai na samu na zaunar a tsakar gidanmu. Da aka zo wurin dankon hatimin, ɗayansu ya juyo ya kalle ni, bai ce komai ba. Wanda ya ce Yamai ta koya min ƙarya ba ya cikinsu, ya rasu bai gani ba, Allah ya jiƙansa.

In kana cikin gari ka yi min magana ta akwatin saƙo, ka zo da memorinka bayan la'asar in tura maka. Ka tara abokan naka ranar da ba ku da uzuri, ku yi isha'i tukuna kafin ku kunna, kuma ka cika batir, don sa'a uku da minti goma ne.